Goggo Mai Tari

A Ngaundare dogo ya ƙare.
Ƙarfe biyu suka taso tun daga bakin teku,
suka keta kurmi, suka hau tudu,
suka zo nan suka yi karo da wani gungume
mai jan fenti, suka tsaya.
Abin da ya rage na hanyar Garwa da Kusiri
aikin tayar roba ne.

Bayan la'asar nakan kai Baba bakin shinge,
wajen Gada Mabanga, gindin mangwaron nan
da hayaƙi ya rine wa ganye.
Shekara talatin da ɗaya yana haɗa taragu.
Yatsu takwas ya dawo da su gida.
Biyun, in an tambaye shi, sai ya ce
sun riga shi tafiya, ƙila yanzu suna Belabo.

Ba jirgin dare muke jira ba,
mai fitilu da fasinja da ban kwana ta taga.
Goggo muke jira.
Sunan da leburori suka raɗa wa tsohon kan jirgi ke nan,
wanda aka yaye daga doguwar tafiya:
daga sito zuwa ma'auni, daga ma'auni zuwa tankunan mai,
nisan da akuya za ta je ta dawo
shayi bai huce ba.

Tarinta take fara aikowa,
sai warin gas,
sai ita kanta, a hankali, kamar mai ciwon gwiwa za ta biki.
Jikinta ya zama bayan tukunya,
lambar goshinta saura rabi.
Tana jan dilolin auduga, siminti, albasar Marwa,
da tarago ɗaya na shanu
da suka tura hanci tsakanin katako suna shaƙar garin.

Baba ba ya ji yanzu, kunnen ya bi aikin.
Sai ya tuɓe takalmi, ya shimfiɗa tafin ƙafa a ƙasa,
ya rufe ido.
Goma sha ɗaya, in ji shi. Biyu ba kaya.
Na ƙirga.
Ban taɓa kama shi ba.

Ranar Talata ruwa ya kwana yana zuba.
Ta zo ɗan hawan nan na gaban sito,
ƙafafun suka yi ta juyi wuri ɗaya,
ga ƙara, ga tartsatsi, ba gaba.
Njidda direba, yaron da aka haifa
bayan an yi mata fentin ƙarshe,
ya sauko yana latsa waya.

Baba ya miƙe, ya manta sanda.
Yashi, ya ce. Bututun yashinta ya toshe tun muna nan.
Ya cire hula, ya cika ta a tsibin wani mai gini,
yara suka bi shi da gwangwanayen tumatir,
suna barbaɗawa a kan ƙarfe
kamar masu sa wa tsire yaji.

Goggo ta yi gyaran murya.
Ta ciji yashin.
Tarago na fari ya fizgi na biyu, ƙwal,
na biyu ya gaya wa na uku,
har labari ya kai ga shanu.

Njidda ya busa ƙaho sau biyu.
Baba bai ji ba.
Na taɓa kafaɗarsa, na ɗaga masa yatsu biyu.
Ya dubi hannuna, ya dubi nasa,
ya yi ta dariya har tarinsa ya gamu da nata.

An ce sabon kai na tafe daga Duwala.
An ce ita za a yanka ta, a sayar wa maƙera kilo-kilo.
Ban gaya masa ba.

Hular tana nan rataye a ƙusa.
Inna ta wanke ta sau biyu,
amma har yau in ya sa
yashi na zubo masa a gira.