Babur Ɗin Da Ya Hau Potosí

Daga Santa Cruz na taso da shi,
can ƙasa, inda iska ke da kauri kamar kunu.
Kwana uku muna hawa,
ni da shi da buhun shinkafar gwaggo.
A Sucre ya fara tari.
Kafin Potosí ya tsufa a ƙarƙashina:
in murɗa totur, ya yi gurnani ya shaƙe,
salansa na aman baƙin hayaƙi,
warin ɗanyen fetur ya kama min wando.

Aka nuna min rumfar Eleuterio Colque,
gindin jan dutsen nan da mahaƙa suka huda kamar rariya.
Kuncinsa cike da ganyen koka, bai ce min sannu ba.
Fulogi ya fara kwancewa,
ya ɗaga shi ga rana:
baƙi ƙirin, gindin tukunya.
Ya shafa da yatsa, ya shinshina.
"Busasshe ne," ya ce. "Zoben fistin lafiya lau.
Ci ne ya yi masa yawa."

Na ce a gida bai taɓa yi min haka ba.
Ya dube ni ina haki, daga tura babur taku ashirin,
ya yi dariya da rabin baki.

Ya taɓa cok, a buɗe yake.
Ya ciro matatar iska, ya kakkaɓe a gwiwarsa,
ƙurar hanya ta tashi, ja.
Sannan kafireto,
ya shimfiɗa hanjinsa a kan tsohuwar jarida,
ƙananan tagulla, kowanne da mazauninsa.
'Yarsa Fidelia ta kawo gwangwanin madara cike da jet,
tana karanta lambobin, shi idonsa ya daina gani.
Ta miƙa masa mai ƙaramin rami.
Allura ya sauke da gaɓa ɗaya.

Kik biyu, ya tashi.
Tsohon ya rufe ido, ya kafa kunne a gefen tanki,
sukudireba a hannu kamar mai ɗanɗana gishirin miya,
kwata, ya saurara,
wata kwata, ya koma baya kaɗan.
Injin ya bar kakari.
Tif, tif, tif, a natse.

"Je ka hau gangaren can, ka dawo."
Na je, na dawo yatsuna sun ƙage da sanyi.
Ya sake ciro fulogi:
launin ɓawon burodi.

Tsohon jet ɗin ya naɗe a yankin jarida,
ya tura min a aljihun gaba, ya daɓa.
"Ranar da za ka sauka gida, ka mayar da shi.
In ka manta, iskar ku za ta cinye fistin."

Wata huɗu ke nan.
Yana nan a aljihun,
na wanke rigar sau biyu da shi a ciki.