Rijiyar Baba Filibus

Ranar Lahadin godiyar kaka, a majami'armu ta Wusasa,
an jera doya gaban bagade, dawa dami-dami,
har da ɗan akuya ɗaure yana ta kuka.
Mai sanarwa ya ce, "Barnaba, taso ka ba da shaida."
Na miƙe, makullai na ƙara a aljihuna,
jama'a suka hau tafi tun ban buɗe baki ba.
Sun ga motocin haƙar burtsatse biyu da sunana a jiki,
sun gama yanke hukunci: ga wanda Ubangiji ya sa wa albarka.

Ni kuwa tafin hannun ubana nake gani.

Filibus mai haƙar rijiya.
Shekara talatin da ɗaya yana shiga ƙasa da sassafe,
ya fito da yamma, jar laka har cikin kunne.
Guntuwar diga, guga, igiya, sai ni a baki ina ja.
Kafin ya sauka yakan cire hula ya ce,
"Uba, ga ni zan shiga. Haƙa tawa ce, ruwa naka."
Daga Tudun Jukun har Gyallesu an sha guminsa a moɗa,
shi kuwa ko sabon keke bai taɓa hawa ba.

Akwai wata rijiya a gindin Kufena,
ta gidan Mama Tabita, wadda mijinta ya rasu.
Gaba tara muka yi, muka ci karo da fa.
Kwana goma sha shida yana sara,
tartsatsi na tashi daga bakin diga,
ko danshi babu.
Ya fito ya zauna, ya daɗe yana duban hannunsa da ya tsage.
Washegari ya mayar mata da kuɗinta cif.

A ƙofar majami'a wani dattijo ya ja shi gefe:
"Filibus, bincika kanka. Ko ka taɓa zakka ne?"
Baba bai ce uffan ba.
Sai a hanya ya ce mini, "Wanda muke bi ɗin nan,
itace ya yi ta sassaƙa shekara da shekaru,
ƙarshe a kan itace aka rataye shi.
Je ka ce masa ba shi da albarka."
Daren nan gayan tuwo muka ci,
ya kuwa ja addu'ar godiya har tuwon ya huce.

Yau injina na huda fa kamar kabewa,
aikinsa na wata ni yini guda ne.
Na yi wahala, ba na musu,
na ƙona idona da fitilar ƙwai kafin in ga ƙofar Samaru.
Amma kuɗin makarantar daga wane rami ya fito?
Na sha ruwan da ban haƙa ba.

Ga su nan sun zuba mini ido, suna jiran sirri:
nawa na bayar, nawa aka ninka mini,
sai ka ce sama rumfa ce a kasuwar Sabon Gari,
ka miƙa kuɗi a miƙo maka kaya.

Na ce, "Ubana ya haƙa rijiyar da ba ta ba da ruwa ba,
ya kuma kwanta ya yi barcinsa har da minshari.
Ni da motoci biyu, har yau ina roƙon irin wannan barci."

Tafi ya tsaya.
Akuyan ya yi kuka.
Can baya wata tsohuwa ta ce amin, ita kaɗai.

Gobe Litinin muna da aiki a Dakace.
Masu awo sun ce akwai ruwa, sun ma rubuta a takarda.
Duk da haka, kafin a tayar da inji,
zan cire hula.