Shafi na Talatin da Ɗaya

Na manna sanarwar a ƙofar ɗakin karatu na Tarnów,
tsakanin cigiyar wata kyanwa da tallar tsohon keke:
"In kana cikin waɗanda ba su yarda akwai Ubangiji ba,
rubuto mana yadda aka yi."
Na zaci wasiƙa biyar. Shida, in an taki sa'a.
Kafin ƙanƙarar bana ta narke
arba'in da uku ne jibge a teburin girkina,
sai da gishiri da sukari suka yi ƙaura zuwa bakin taga.

Leszek mai gasa burodi
a bayan rasidin fulawa ya rubuto, layi tara.
Ya ce shi ba tsawa ce ta faɗo masa ba.
Yadda tanda ke hucewa ne:
ka kai hannu da asuba, ka ji babu.
Har gobe shi ke gasa wa unguwa burodin Ista,
kuma ba ya rage ƙwai.

Bogna ta shekara ashirin da shida
tana jinyar waɗanda likita ya sallama.
Duk wanda ya ce ta yi masa addu'a, takan yi,
ba ta taɓa cin harafi ba.
"Hannunsa nake riƙewa," in ji ta,
"shi kam na tabbata yana nan."

Ranar Laraba muke zama, mu huɗu.
Ignacy littafi mai haƙora yake so,
wanda zai ciji duk mai farar kwala.
Mirka ta ce ba kotu muka buɗe ba.
Suka yi ta sa-in-sa har shayi ya mutu a kofi.
Wa za a sa a gaba, mai fushi ko mai kewa?
Ko yarinyar da ta rubuto shafi goma sha biyu
a kan kakarta, ba ta ambaci sama ko sau ɗaya ba?
Ƙarshe muka bi jerin haruffa.
Harafi ba ya da ɗan ɗaki.

Akwai wani, shi ke yi wa coci kiɗa kowace Lahadi.
Ya ce a sauya masa suna. Muka sauya.
Ya ce a sauya garin, a rage masa ɗa guda. Muka rage.
Ana saura kwana tara a kai maɗaba'a
ya bugo waya, dare ya raba.
Mahaifiyarsa shekararta tamanin da bakwai,
benci na biyu take zama, don ta ga bayansa.
Idonta ba ya ganin rubutu,
amma na maƙwabta garau yake.
"Ku jira har ta..."
Bai ƙarasa ba. Na ji yana numfashi.

Muka bar masa shafin fari fat.
Mai maɗaba'a ya kira sau biyu, wai an yi kuskure.

Yayata Teodozja ce ke duba mana rubutu,
ita da ba ta fashin coci ko ana zabga ruwa.
Takan aje carbinta gefen jan biro,
ta bi layi da farce, tana tsaki in ta ga waƙafi ya ɓata.
A kan na Bogna ta daɗe.
Ta cire tabarau, ta ce tururin miya ne.
Babu komai a kan wuta.

Da ta kai ƙarshe ta jera takardun, ta buga gindinsu a tebur.
"Ina naki?"
Na ce ni mai tarawa ce.
Ta ce, "Wanzami ba ya son jarfa,"
ta turo mini biron.

Agogon bango ya yi ta aikinsa.
Na rubuta:
Ranar da aka binne Baba ke kina addu'a
ni ina ƙirga shebur nawa ƙasar ta ci.

Ta juyo da takardar wajenta.
Ta karanta, leɓenta na motsi.
Na jira.
Ta sa waƙafi bayan "addu'a",
ta ce, "Ci gaba."