Ƙanzo

Ranar da na kama aiki a gidan ruwa,
Gulbin Rima na gangarowa jawur kamar kunun kanwa.
Aka haɗa ni da Nomau,
tsoho mai takalmin roba har gwiwa,
ya ja ni zuwa bakin kwamin yashi.

Na leƙa.
Wata dauɗa ce kwance a saman yashin,
kore-kore, mai santsi,
kaurinta bai kai ɗan yatsa ba.
Na rarumo shebur don a san ma'aikaci ya zo.
Ya riƙe mini hannu.

"Mi za ka yi, yaro?
Wanga ƙanzo na.
Masu takarda na da wani dogon suna gare shi,
harshena bai iya ɗaukarsa ba.
Ni na ga ya yi kama da na gindin tukunya,
sai na raɗa mai."

Ya ce yashi sabo bai san aiki ba.
Ka zuba masa ruwan gulbi, ya sake shi yadda ya zo,
kamar mai gadin da ba ya tambayar kowa.
Sai laka ta kwanta, ta kwana, ta sake kwana,
ƙananan halittun da ido bai gani su tare a ciki,
su toshe manyan ƙofofi, su bar ƙanana.
Daga nan dauɗar jiya ke tare dauɗar yau.

Na koyi yadda ake sarrafa kalmar.
In an ce ƙanzo ya nuna, a buɗe wa gari ruwa.
In an ce ɗanye ne, a dakata.
In an ce ya yi kauri,
to ruwa ya taru a sama yana jiran hanya,
ƙasa kuwa sai ɗis, ɗis,
lokacin kankara ya yi.
Sama-sama, in ji Nomau, kamar askin jariri.

Wata Laraba da ya tafi jana'iza Wamakko
na kankare har sai da yashi ya yi fari tas,
na tsaya ina sha'awar aikina.
Kwana tara kwamin bai ba da abin sha ba.
Bai yi faɗa ba.
Kullum da safe yakan ɗebo a kofin gilashi,
ya ɗaga wa rana,
ya miƙo mini in duba da kaina.

Yanzu in na koma gida Mabera
na tarar Inna Ige na tace gasara,
tana mitar ƙyallen ya toshe, ruwa ba ya sauka,
nakan ce, ƙanzo ne ya yi kauri.
Sai ta harare ni.
Ta ce ita ƙanzon da ta sani
jiƙa shi ake yi, a sa ƙuli-ƙuli da yaji,
kuma in ina so, akwai saura a kwano.