Dosiyen Kawu Barmo

Rediyo ya ce an buɗe asusu
don tallafa wa makaɗa da mawaƙa.
Kawu Barmo ya ce, "Zo ka cika mini,
kai ne ka yi lakwal."

Muka zauna ƙofar gida a Mokoyo,
gurminsa jingine da bango,
tsirkiya guda ta tsinke tun sallar layya.

Takarda ta ce: shekara nawa kana sana'a?
Ya ce, "Rubuta, tun shekarar
da gulbi ya cinye gonarmu ta gyaɗa."
Babu gurbin wannan.
Ta ce: kawo shaidar aikinka.
Ya miƙo mini yatsunsa,
kanta ta yi musu hula.

Hoto biyu, tambur,
kabu-kabu zuwa biro sau huɗu.

Wata bakwai, sai ga kira:
jaka tamanin, sa hannu nan,
amma a dawo da rasit.

Ya sayi tsirkiya, ya sayi fata,
ya biya Laure bashin hura.
Mai fata a Kadro bai san rasit ba.

Daren nan Kawu ya kaɗa har asuba.
Ni ko ina bakin fitila
ina neman layin da zan rubuta
cewa unguwa ba ta yi barci ba.