Dalmar da Ba Ta Kama Ba

Zafin Gwammaja ya hana kowa barci.
Na baje kayana a kan faifan Iya:
motar tsohuwar DVD,
batir uku da na tono daga gawar kwamfuta a Fam Santa,
da murfin bokitin fenti, na yanka shi fukafuki huɗu.
Fanka nake son haɗawa
saboda Nusaiba, watanta biyar a duniya,
ƙurajen zafi sun ɗaura mata sarƙa a wuya.

Na danna makunni. Shiru.
Na sake dannawa
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar wanda yake bi bashi.
Shiru.

Na ɗauko mita na bi batiran ɗaya-ɗaya.
Kowanne ya amsa: uku da ɗigo bakwai,
lafiya lau, sai godiya.
Da na ɗora musu mota, na tsakiyan ya durƙusa,
lamba ta gangaro har ɗaya da rabi.
Ashe irin abokin nan ne mai faɗin gaisuwa,
ranar tashin kaya ba ka ganin ƙeyarsa.
Na cire shi, na jefa a gwangwanin madara.
Saura biyu. Na danna. Shiru dai.

Tun la'asar babu wuta,
ƙarfen dalmata ya koma sandar banza.
Ƙusa inci shida na cusa a garwashin shayi,
na riƙe da filaya, hannuna na rawa.
Dalma ta narke ta ɗiga,
rabi a kan waya, rabi a kan babban yatsana.
Ban yi ihu ba, yarinya ta fara gyangyaɗi.
Na ciji leɓe na haɗiye.

Da safe na naɗe komai a leda
na gangara Ƙofar Wambai wurin Baba Ƙasimu,
wanda ya tsufa cikin hanjin rediyo.
Bai taɓa mita ba.
Farce ya sa ya taɓa ƙullin da na yi alfahari da shi,
ƙullin ya faɗo kamar busasshen tuwo daga gefen tukunya.
Ya ce, “Kai, zama ta yi, ba ta kama ba.
Dubi fuskarta, toka-toka, kamar an yi mata dole.
Ta ƙwarai sheƙi take kamar idon kifi.
Kankare wayar da reza sai jan ƙarfe ya fito,
shafa mata ƙaro.
Kuma ba dalma ake gasawa ba, waya ake gasawa.
In wayar ta ɗau zafi, da kanta za ta kira dalmar.
Ƙirga uku, janye, kar ka hura.”
Na miƙa ɗari biyu, ya ture da bayan hannu.

Bayan isha na sake zama.
Na kankare, na shafa, na gasa, na ƙirga.
Dalma ta bi wayar a guje kamar man shanu a tuwo mai zafi,
hayaƙin ƙaro ya shiga idona.
Na danna.
Murfin fenti ya yi gyaɗa kai, ya yi tunani,
sai ya kama juyi, fir-fir-fir.

Rumasa'u ta miƙa tafin hannu gabansa,
ta jira,
ta fashe da dariya har ta toshe baki da zane:
“Malam injiniya, bango kake yi wa fifita!”
Iskar duk baya take tafiya.
Ja na kai gidan baƙi, baƙi na kai gidan ja.
Na sake kwancewa. Garwashi ya kusa mutuwa.

Yanzu gashin goshin Nusaiba yana motsi.
Ta saki hannunta, ta saki numfashi.
Ban san awa nawa batir biyu za su kai ba,
mita na nan kusa da matashi.
Na kai yatsana mai bororo gefen iskar,
na ɗan ci arzikinta.