Mai Ɗaga Wayar Dare a Garwa

Ƙarfe takwas nake karɓar kujera,
wadda Asta ta ɗumama tun hantsi.
Wayoyi biyu, rajista ɗaya, biro a ɗaure da zare,
taswira a bango, gara ta cinye mata Lagdo.
Kunnen jiha guda ke nan,
ɗaki mai fanka ɗaya a Garwa.

Watan jiya aka ce kwamiti na tafe.
Aka shafe bango da farar ƙasa,
aka aro labule daga ofishin haraji,
aka ce mu daina cin gyaɗa a bakin aiki.
Suka zo su bakwai da ruwan gora,
suka ƙirga kujeru, suka ƙirga ƙwan fitila,
mai tabarau ya shafi tebur ya dubi yatsansa.
Ba wanda ya zauna ya ji kukan waya.
Kafin la'asar jirginsu ya ɗaga,
sai baɗi, in da rabon ganawa.

Kwamfuta sha biyu na ƙarƙashin bene
cikin kwalayensu, damina biyu ke nan.
An ce ranar da aka kunna su
za su nuna inda mai kira yake, ko a tsakiyar dawa.
Mai haɗa su na jiran sa hannu,
sa hannu na jiran kasafi,
kasafi kuwa, an ce, yana hanya.
Ɓera dai bai jira kowa ba, ya haihu a kwali na uku,
'ya'yan har sun fara tasawa.

Duk wanda ya sayi katin waya
ana yankar masa sefa da sunan ɗakin nan.
Mai ƙosai ta biya, mai kwalekwale a Binuwai ya biya.
Ni ban ce an ci ba,
ban ga maiƙo a bakin kowa ba.
Na dai san kogin da ya taso da ƙarfinsa,
in ya iso nan sai an tona yashi
ake samun na kurɓawa.

Daren Talata, ɗaya da kwata:
"Motar auduga ta kife a hanyar Ngong!"
Ina ne daidai?
"Gindin tsamiyar nan, inda Hamajoda ke sai da mai a kwalba."
Taswira ba ta san Hamajoda ba. Ni na san shi.
Na tashi Bappa Sali, ya ce tanki a bushe yake,
takardar mai na aljihun wanda ya tafi suna.
Ya zaro jaka uku, kuɗin cefanen gidansa,
ya sha lita huɗu a bakin titi.
Mutum biyu ya kawo da rai.
Na ukun ya cika a kan gada.
Ƙiris, in ji Bappa, ƙiris ya rage da isowa.

Amma mai hana ni barcin rana
yarinya ce, muryar ba ta wuce shekara tara ba.
"Innata ta faɗi, ba ta motsi."
Na ce yaya sunanki? Ta ce Dija.
Wace unguwa?
Sai wuta ta ɗauke.
Batirin da aka rubuta an sauya bara
ya yi tari biyu ya yi shiru.
Na haska tocila ina gadin waya har kiran assalatu.
Wayarmu ba ta riƙe lamba,
Dija kuma ba ta sake bugowa.

Takardar rahoto gida biyu gare ta:
"an kai ɗauki" da "kiran wasa".
Na juya bayanta na rubuta Dija.
Shugaba ya ce in goge, ba a son ƙazanta a fayil.
Na goge. Biro ne, bai cika goguwa.

In kwamiti ya dawo, kada a ba su kujerar baƙi.
A ba su tawa, dare ɗaya tak,
ni in tsaya a bayansu da tocila.

Ga ta nan ta fara. Bari in ɗaga.
"Ina jin ki. A'a, suna ya jira,
unguwar tukuna. Faɗa mini inda kike,
muna zuwa."